Kujerar da ke Hawa Bishiya: Tarihin Dakon Barewa a Dazukan Amurka

Waɗanda suka zauna a kudancin Kamaru ko kudancin Nijeriya daga cikinmu sun san yadda masu hawa kwakwar manja ke aikinsu. Mutum zai zagaye gangar bishiyar da wata kakkaurar igiya da aka lanƙwasa, ya shiga cikinta, ya jingina bayansa, ya tokare ƙafafunsa. Sai ya sassauta, ya cilla igiyar sama kaɗan, ya sake jingina, ya ɗaga ƙafa. Nauyin jikinsa ne ke riƙe da shi. Da zarar ya manne wa bishiyar ya daina jingina, igiyar ta saki.

A Amurka akwai wata kujera ta ƙarfe da ke aiki da wannan dabarar sak. Maharbi yana goya ta a baya kamar jakar 'yan makaranta, ya shiga daji da asuba, ya zaɓi bishiya, ya maƙala ta, su hau tare ba tsani ba reshe. Kashi biyu ce: mazauni a sama, mataki a ƙasa, kowane da igiyar ƙarfe da ke zagaye bishiyar ta baya da haƙora da ke cizon ɓawonta ta gaba. Mutum ya ɗora nauyinsa a mazauni ya jawo mataki sama da ƙafafunsa, sannan ya tsaya a kan mataki ya ɗaga mazauni, haka haka har ya kai mita biyar ko shida. A can zai juya ya zauna, ya jira barewa. Duk shekara idan kaka ta gabato, mujallun farauta na ƙasar kan cika da shawarwari a kan wacce ya kamata a saya. Mun lura cewa kusan kowace shawara a cikinsu amsa ce ga wani abu da ya taɓa faruwa, sau da yawa ga wata faɗuwa, shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin daga tushe.

Hawa sama a yi dako ba sabon abu ba ne, kuma ba na wata al'umma ɗaya ba ne. Maharbanmu sun san zaman bishiya a bakin tafki da rani, lokacin da ƙishi ke tilasta wa naman daji zuwa ruwa, kamar yadda suka san ɗaura kan burtu su yi rarrafe cikin ciyawa. Dalilin hawan a fili yake. Dabba ta fi tsammanin abokin gaba daga ƙasa, iska kan ɗauke warin mutum ta wuce da shi ta samanta, kuma wanda ke sama yana hango abin da ciyawa ta ɓoye. A Indiya suna kiran irin wannan rumfar ta kan bishiya macan. A watan Disamba na 1898, injiniyan jirgin ƙasa John Henry Patterson ya harbe ɗaya daga zakokin nan biyu na Tsavo a Kenya, waɗanda suka addabi ma'aikatan shimfiɗa layin dogo, daga kan wani rudu mai ƙafa huɗu da aka kafa masa, zakin yana ta zagaye shi cikin duhu kafin ya samu sa'a. A watan Mayu na 1926 kuma Jim Corbett ya kashe damisar Rudraprayag, wadda hukuma ta lissafa mata mutum 125, bayan ya kwashe kimanin dare goma yana kwana a kan wata bishiyar mangwaro. Sai dai duk waɗannan a wuri ɗaya ake gina su, a nan ake barin su. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne rumfar da ke tafiya da mai ita.

Kafin a kai ga haka sai da barewar kanta ta kusa ƙarewa. Wadda muke magana a kanta ita ce mai farar wutsiya, wadda ta fi tamu girma, namijinta yana da ƙaho mai rassa da ke zubewa duk shekara ya sake tsirowa. Tun ƙarni na 18 ake lodin fatarta a jiragen ruwa daga tashoshi irin su Charleston zuwa Ingila. A ƙarni na 19 aka share dazuka domin noma, 'yan kasuwa suka riƙa cika taragun jirgin ƙasa da namanta zuwa birane. Wajen shekarar 1900 ƙiyasi ya nuna abin da ya rage a ƙasar bai wuce 300,000 zuwa 500,000 ba, kuma akwai jihohin da ganin sawunta kaɗai ya zama labari. A wannan shekarar aka yi dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ta karya lagon masu farautar kasuwa. A 1937 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin bindigogin farauta da harsasai domin raba wa jihohi su kula da namun daji. Da wannan kuɗin aka riƙa kama barewa daga inda ta saura ana sakinta inda ta ƙare. Gonakin da aka yi watsi da su suka koma kurmi, kerkecin da ke cinta kuwa an riga an gama da shi a gabashin ƙasar. Yau ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30.

Abu na biyu da ya tura mutane sama shi ne dawowar kwari da baka. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, na ƙarshe daga ƙabilar Yahi ta asalin mazauna Kaliforniya, ya fito daga daji kusa da garin Oroville. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya koyi harbi da sassaƙar baka a wurinsa, ya kuma wallafa littafi a kan farauta da baka a 1923. Jihar Wiskonsin ce ta fara ware wa masu baka lokacin farautarsu na musamman a 1934, sauran jihohi suka bi sahu. A 1969 Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ya samu takardar mallakar wani sabon baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu, wanda idan an ja tsirkiyarsa ta kai ƙarshe sai nauyinta ya ragu, mutum ya iya riƙe ta yana saiti. Nan da nan masu baka suka yawaita. To amma kibiya ba harsashi ba ce. Mai baka yana buƙatar dabba ta matso mita 20 zuwa 30, sannan ya miƙe hannu ya ja tsirkiya ba tare da ta ga motsinsa ba. A ƙasa wannan abu ne mai wuya ƙwarai. Daga sama ya fi sauƙi.

Da farko katako da ƙusa ne maganin. Mutum ya samu bishiya mai rassa biyu ko uku, ya buga falankai a tsakaninsu, ya jera guntayen katako a jikin gangar su zama tsani. Ruwa da rana su ci katakon, bishiya ta yi ƙiba ta tura ƙusoshin waje, bayan 'yan shekaru mai ita ya taka ya rufto. Masu dazukan ma ba su so ba. A kudu maso gabashin ƙasar, jihohi irin su Jojiya da Alabama, manyan filaye na kamfanonin katako da takarda ne, suna ba ƙungiyoyin maharba haya. Ƙusa ɗaya da ta nutse cikin itace tana iya ɓata zarton injin yanka katako, ta kuma raunata ma'aikaci. Don haka aka hana buga ƙarfe a bishiya a wurare da yawa, har da dazukan gwamnati. Waɗannan kamfanonin kuwa sun dasa itacen fayin a jere kamar sojoji, kowane miƙaƙƙe sambal, ba reshe sai can sama. Wanda ya tsaya a irin wannan daji zai gane dalilin da ya sa a nan aka haifi kujerar.

A 1969 aka ba James Baker da Fred Walters takardar mallakar wani dandamalin farauta mai hawa bishiya, kamfanin Baker na garin Valdosta a Jojiya ya shiga ƙera shi. Abu ne mai sauƙi: falankin katako, wani ƙarfe mai kusurwa da ke zagaye bayan bishiya ana ɗaure shi da noti, da madaurin ƙafa. Ba mazauni a na farkon. Maharbi zai rungumi bishiyar da hannu biyu, ya naɗe gwiwoyi ya jawo falankin sama, ya taka, ya sake runguma. Tsofaffin maharba har yau suna ba da labarin ƙirji da hannuwa da ɓawon fayin ya kankare musu. Duk da haka ya karɓu ƙwarai, domin a karon farko talaka mai farauta a dajin gwamnati ya samu damar zama inda ya ga sawu jiya, gobe kuma ya sauya wuri idan iska ta juya.

Matsalar tana cikin dabarar kanta, wadda muka fara da ita. Falankin yana kama bishiya ne idan nauyi na bakinsa na waje, nesa da gangar, domin a lokacin ne gabansa ke cizo, ƙarfen baya kuma ke ja. Idan mutum ya matso kusa da gangar, kamar yadda duk mai jin tsoro ke yi, cizon ya saki. Sai falanki da mai shi su zarce ƙasa tare, ko falankin ya tafi shi kaɗai ya bar mutum rungume da bishiya a tsayin bene. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma da yawa sun faɗo. Ƙorafe-ƙorafe da shari'o'i suka yi yawa, daga bisani kamfanin ya rufe, amma zuwa lokacin wasu sun ɗauki dabarar suna gyara ta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Summit, wanda injiniya John Woller ya kafa a 1981 a Alabama, wanda kujerunsa suka zama ma'aunin da ake gwada sauran da su.

Alƙaluman da suka fito daga baya sun ba mutane mamaki, domin kowa ya ɗauka bindiga ce babban haɗarin farauta. A 1989 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a kan jihar Jojiya: daga 1979 zuwa 1989 an samu rauni 594 a farautar barewa, 214 daga ciki, wato kashi 36 cikin ɗari, sun shafi kujerun kan bishiya, mutum 17 a cikinsu suka rasu. A 1993 mujallar Deer & Deer Hunting ta tambayi masu karatunta, sakamakon ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu hawa ya taɓa faɗuwa. A 2010 likitocin tiyata a jihar Ohayo suka duba maharba 130 da aka kawo asibitocinsu cikin shekara goma, suka tarar rabinsu faɗuwa ce ta kawo su, harbin bindiga kuwa kashi 29 cikin ɗari. Raunin faɗuwa daga mita shida ba targaɗe ba ne. Karayar ƙashin baya ce, wani lokaci da shanyewar ƙafafu har abada, ga magidanci da ya fita neman nama ranar hutu.

Maganin farko da aka kawo ya zo da tasa masifar. Ɗamara ce guda a ƙugu ko a ƙirji, an ɗaure ta da bishiya. Wanda ya zame da ita yakan rataye kai ƙasa, ko ta haura ta matse masa haƙarƙari numfashi ya gagara. Sai aka koma ga ɗamarar jiki duka, irin ta masu aikin gini a dogayen benaye, mai zagaye kafaɗu da cinyoyi, igiyarta ta fito daga tsakiyar baya. Masu ƙera kujerun suka kafa ƙungiya a 1995 domin tsara ma'aunin gwaji, kuma tun 2004 mambobinta ke haɗa irin wannan ɗamarar a cikin kwalin kowace kujera. Ita ma ba ta gama magana ba. Mutumin da ya daɗe a rataye, madaurin cinya yana hana jini komowa daga ƙafafunsa, yana iya suma, yana iya mutuwa bai taɓa ƙasa ba. Saboda haka aka ƙara wata 'yar igiya da ake ajiyewa a aljihu, wadda mai rataye zai saƙala ya taka ya miƙe tsaye, jini ya gudana kafin ya koma kan mataki ko taimako ya zo. Har ƙullin da mai hawa duwatsu ɗan Ostiriya Karl Prusik ya ƙirƙiro a 1931, wanda ke zamewa idan an tura shi da hannu amma ya cije idan nauyi ya faɗa masa, ya samu gurbi a igiyoyin maharba.

Da wannan tarihin a zuciya, shawarwarin mujallun nan sai su daina zama surutun talla. Suna cewa a ɗaure mazauni da mataki da igiya tun a ƙasa, domin kada matakin ya suɓuce ya bar mutum a sama. Wannan gadon zamanin Baker ne. Suna cewa a ɗaura ɗamara kafin ƙafa ta bar ƙasa, a riƙa matsar da igiyarta sama taki bayan taki, domin yawancin faɗuwa a hawa da sauka ake yinta, ba a zaune ba. Bindiga ko baka ba a hawa da su a hannu. A cire harsashi, a ɗaura da doguwar igiya, sai an zauna a jawo.

Game da kujerar kanta, abin da mai saye ke aunawa kaɗan ne amma kowane yana cin karo da ɗan'uwansa. Ta alminiyom kan yi kilo tara, ta baƙin ƙarfe ta kai kilo 13 amma ta fi araha, kuma kilo huɗun nan ba a jin su a kanti sai an yi tafiyar awa guda cikin duhu da rigunan sanyi. Yawancinsu an rubuta musu iyakar kilo 136, manyan kuma 159, kuma lissafin ya haɗa da takalma da jaka da makami, abin da masu saye da yawa ke mantawa. Akwai mai sanda a gaba wadda ke kewaye mutum kamar keken koyon tafiya na yara. Da ita ake hawa a zaune, ba a buƙatar ƙarfin damtse, mai bindiga ya samu inda zai ɗora bakinta, wanda gyangyaɗi ya ɗauka kuma ya samu abin da zai tare shi. Gyangyaɗin nan ba abin raina ba ne, domin a watan Nuwamba, lokacin barbarar barewa, mutane kan zauna daga asuba har magariba cikin sanyi. Mai baka kuwa sandar nan cikas ce gare shi, ƙasan bakansa na iya dukanta lokacin saki, don haka ya fi son buɗaɗɗiyar gaba, wadda ake hawa da ita da ƙarfin hannu. A ganinmu, dattijo ko mai jiki da ya zaɓi buɗaɗɗiya saboda ta fi sauƙin ɗauka ya yi arahar da za ta yi masa tsada. Sai batun ƙara. Ƙarfe ya bugi ƙarfe a dajin da ya yi tsit da sanyin safiya, an gama farautar ranar, shi ya sa kamfanoni ke cusa soso a cikin bututun, maharba kuma ke naɗe duk mahaɗa da ƙyalle.

Amma duk waɗannan a baya suke zuwa. Tambayar farko ita ce wane irin daji mutum zai shiga, domin kujerar ba ta da amfani sai inda akwai bishiyar da za ta karɓe ta. Tana son miƙaƙƙiya, mai kaurin santimita 20 zuwa 50 daga gefe zuwa gefe, marar reshe har zuwa inda za a zauna, mai ɓawon da haƙora za su kama. Mai santsin jiki ba ta yi, musamman idan ruwa ko ƙanƙara ya jiƙa ta. Mai ɓawon da ke ɓarewa falle-falle ita ma ba ta yi, domin haƙoran ɓawon za su riƙe, ɓawon kuma ba ya riƙe da komai. Sannan kowace bishiya tana sirancewa tana yin sama, don haka sai an ɗaura matakin yana ɗan kallon sama tun a gindi, ya daidaita idan an kai tsayi. Wanda ya daidaita shi a ƙasa zai tarar yana zubo da shi gaba a sama, kuma kwance igiyar domin gyara a can shi ne abin da duk littafin umarni ke hanawa. A yammacin tsakiyar ƙasar, inda bishiyoyin bakin gona suke karkatattu masu rassa, da yawa sun haƙura da ita sun koma ga wadda ake ratayewa bayan an hau da guntayen tsani, a 'yan shekarun nan kuma wasu sun rungumi wani irin majanyi da mutum ke zama a cikinsa yana reto a jikin bishiya.

Mai karatu ya ɗan gwada ta a ransa da itatuwan da muka sani. Kuka ta yi kauri, jikinta kuma sulɓi. Tsamiya da ɗorawa da kaɗanya tun daga tsayin mutum suke raba rassa, kuma wanda ya samu irinsu ba ya buƙatar ƙarfe, ya taka reshe ya hau. Giginya ta miƙe, amma tana da kumburi a tsakiya da zai tsayar da igiyar. Sai dai ko gandun turare ko na tik da aka dasa a jere, inda kuma ba kasafai ake samun abin harbi ba.

A 2002 aka gano wani ƙwaro kore mai sheƙi kusa da birnin Detroit a jihar Mishigan, wanda ya shigo daga Asiya, ana kyautata zaton cikin katakon kwalayen kaya. Tsutsarsa tana cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash, kuma ta kashe miliyoyi barkatai a jihohi da dama. Ash kuwa na daga cikin waɗanda masu wannan kujera suka fi so, miƙaƙƙiya mai ɓawo mai tsagi. Idan ta mutu takan bushe ta yi gautsi da wuri, amma ta ci gaba da tsayuwa. Lokacin farauta ganye ya riga ya zube, rayayyiya da matacciya duk tsirara suke, maharbi kuma da fitilar goshi yake zuwa kafin gari ya waye, ba ya ganin abin da ke sama da kansa. Hukumomin gandun daji sun riƙa gargaɗi a kan haka, kuma maharba masu lura yanzu sukan shiga dajin tun da bazara, lokacin da ganye ke kore, su ɗaga kai su duba kan kowace bishiya, su sa wa masu rai alama.